Baba Mizani da Kalmar da Ta Rage Masa

Shekara da shekaru, duk wanda ya fito daga sallar asuba a unguwarmu ta bayan kasuwar Birnin Kudu, abin da yake fara cin karo da shi wani siririn dattijo ne mai laushin gashi, ɗaure da zane irin na mazan ƙasarsu, riƙe da sandar ƙarfe. Ba don dogarawa yake riƙe ta ba. In ya iso kan bututun ruwa sai ya kafa tsininta a jikin bututun, ya ɗora ɗaya bakin a kunne, ya lumshe ido kamar mai sauraron tafsiri. Da haka yake gane ko ruwa na tafe, ko yana yoyo a ƙarƙashin ƙasa, ko kuwa barci ya ɗauke mai tada inji. In ya gama zagayensa sai ya zauna a bencin mai shayi, ya sha baƙi ba madara, ya yi wa mai shayin faɗa a kan ruwan wanke kofi da yake kwararwa a titi. Mai shayi ya ce ya daina, gobe kuma a sake.

Sunansa na yanka Mizanul Karim. Bakinmu ya kasa ɗauka, muka datse shi ya koma Mizani, da furfura ta fito aka ƙara masa Baba. Injiniyan madatsun ruwa da famfo ne, mutumin Bangaladash, ƙasar da ya ce a can ruwa ne ke cin ƙasa, ba kamar nan da ƙasa ke shanye ruwa ba. Ya zo yana matashi da amaryarsa, tun ana kiran nan Jihar Kano, cikin ayarin baƙin ma'aikatan da aka ɗauko a lokacin da ƙasar nan take ji da kanta. Duk sauran sun koma. Shi ya zauna fiye da shekara arba'in.

Bara da kaka ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi a bakin famfo. Ya rayu, amma ciwon ya tafi da hannunsa na dama da ƙafarsa, ya tafi da Hausarsa da Turancinsa da harshen uwarsa, ya bar masa kalma ɗaya tak. A daminar bana kuma 'yarsa ta zo daga ƙasarsu za ta tafi da shi, mu muka ce ba inda za shi, shi kuwa ba shi da bakin raba gardama sai wannan kalma. Zan zo kan wannan. Amma tunda mu mutane ne masu jira sai mutum ya mutu sannan mu tuna yana da kirki, gara in fara da aikinsa, tun kunnensa yana ji.

Yaran yanzu ba su san kurkunu ba sai a littafin makaranta. Mu mun san shi. Matata, Allah ya jiƙanta, ta koma ga Mahaliccinta da tabonsa a idon sawu, tsarabar kududdufin ƙauyensu a Wurno. A wancan zamani in damina ta faɗi, rabin manoma suna kwance ana naɗe musu tsutsa a jikin tsinke, ciyawa tana cinye gona. Da aka tura Mizani ya yi madatsa a can, abin da aka umarce shi ke nan: ka tare ruwa, ka tafi. Ya tare, amma bai tafi ba. Ya ga mata suna shiga tafkin har gwiwa suna ɗiba, ya ce ashe ba madatsa ya gina ba, gida ya gina wa kurkunu. Sai ya haƙa rijiya a bayan ginin, ya shimfiɗa yashi da tsakuwa tsakaninta da tafkin, yadda sai ruwa ya ratsa ta cikinsu ya tace kafin ya isa rijiyar. Mata suka ƙi. Suka ce ruwan rijiyar salam yake, na tafki ya fi garɗi. Tsofaffin garin har yau suna ba da labarin yadda ya ɗauki kujera ya zauna a bakin tafkin rana tana dukansa, duk wadda ta zo da tulu ya miƙe ya gaishe ta da Hausarsa mai mayar da mace namiji: "Sannu Inna. Inna, ka je rijiya." Kunya ce ta kai su rijiyar, ba wayewa ba. Shi bai damu da wadda ta kai su ba, tunda sun je.

Wanda ya fi kowa saninsa shi ne Musbahu, wanda ya fara a hannunsa yana leburan kwaɓa siminti, ya zama birkila, ya ƙare mai gyaran famfo, yau ga shi da jikoki. Shi ya ba ni labarin giɓin Surko. Duk madatsar da Mizani ya gina, sai ya bar wani wuri a gefe ya yi ƙasa da sauran ginin, ya daɓe shi da dutse da siminti, don in tafki ya cika ruwa ya bi ta nan ya fice. Mutanen wani ƙauye a Surko suka dubi wannan giɓi, suka yanke hukunci cewa siminti ne ya ƙare wa injiniya, ko kuma wani ya karkatar da shi. Ba za ka ga laifinsu ba. Sun saba ganin aikin hukuma da giɓi, kuma kullum dalilin ke nan. Don haka suka yi gayya har da kiɗa, suka cike giɓin da buhunan yashi, suka aika a gaya wa Injiniya sun ƙarasa masa aikinsa, ba sai ya gode ba.

Saƙon ya same shi a tsakiyar marka, sama tana ta zuba tun safe. Musbahu ya ce bai taɓa ganin mutumin ya yi gudu da mota ba sai ranar. Suka tarar ruwa ya kusa leɓen ginin, ƙauyen yana kwance a ƙarƙashinsa, hayaƙin girki yana tashi. Mizani ya faɗa ruwa har ƙugu ya kama jan buhu. Mai unguwa ya fito da laima.

"Injiniya, lafiya? Ai taimakonka muka yi."

"Ruwa ta cika! Ruwa tana so ƙofa!"

"To ai ruwan muke so. Ka san yadda rani yake a nan kuwa? Ka tara mana arziki, kuma ka bar masa hanyar gudu?"

"In ba ka ba ta ƙofa, za ta yi ƙofa da kansa. A kan gidanka."

Mai unguwa ya waiga ya dubi gidansa, ya dubi ruwan, ya naɗe laima ya naɗe wando. Aka kwashe buhunan. Ruwan da ya fita ta giɓin a yinin nan ya tafi da gonar rake guda da wasu awaki da ba su ji kira ba. Gini ya tsaya, ƙauye ya kwana. Mai gonar raken bai sake gaida Mizani ba har ya mutu, kuma a can har yau akwai masu cewa da an bar buhunan da sun yi noman rani sau biyu. Haka godiya take a wurinmu.

A Maruta ta ƙasar Gwaram kuwa, shaidar ta Bappa Dabo ce, dattijon Fulani mai shanu, sa'an Mizani kuma abokin tsokanarsa. Madatsar can ta kusa zama masifa, don tana cika masu tumatir da albasa suka kewaye ta da shinge, shanu suka rasa ta inda za su sha. Har an kai ga ɗaga sanduna. Manya suka zo suka yi taro a inuwa, suka ce a zauna lafiya, suka ci kaji suka tafi. Mizani ya tafi ruga ya yi ta bin garke da ƙafa. Bappa Dabo ya ce, "Na zaci saniya yake son saye yana jin kunyar tayawa. Ashe tambayar shanun yake ta ina suka fi son zuwa." Daga nan Mizani ya ja bututu ta ƙarƙashin ginin ya kai ruwa can bakin burtali, hanyar da shanu ke bi tun kaka da kakanni, ya gina doguwar mashaya ta siminti nesa da shingen kowa. Tun daga ranar saniya ba ta ga tumatir ba, tumatir bai ga saniya ba. A jikin mashayar akwai allo mai ɗauke da sunan wanda ya yanke ƙyalle ranar buɗewa. Na je na karanta. Har da digirorinsa.

Kai ne, Baba Mizani, ka sha zazzaɓinmu, ka ci tuwon dawarmu da miyar kuka kana kewar shinkafa da kifi, ka yi ta fama da dutsen Birnin Kudu mai karya haƙoran inji har ya ba da ruwa. Kai ne da kuɗin ƙasar nan ya lalace, 'yan'uwanka baƙi suka tattara suka nufi inda ake biya, ka ce akwai famfon da ba ka gama ba. Kai ne bayan ka yi ritaya ka ci gaba da yawo da sufana a aljihu ba wanda ya aike ka. Masu tarihi sun ce baƙon da ya buɗe wa mutanen Daura rijiya ɗaya, sarauniya aka ba shi. Kai da ka buɗe abin da ba mu ƙirga ba, agogon bango muka ba ka, shi ma ba batir.

Akwai wani gefe na labarin da masu jinjina suke tsallakewa. Ni ba zan tsallake ba, don har yau ban gane shi ba. Matarsa ba ta ji daɗin ƙasar nan ba, ciwo ya yi ta kama ta, ta koma gida da 'yarsu Shirin, yarinyar tana 'yar firamare. A can matar ta rasu. Ya je ya yi zaman makoki, ya bar yarinyar a hannun ƙanwar uwarta, ya dawo. Bayan 'yan shekaru yakan je ya dubo ta, ya dawo. Bai sake aure ba. Na san abin da ɗaki yake zama in mai shi ta tafi, don haka wannan ban tambaye shi ba. Amma na taɓa tambayarsa me ya hana shi zama kusa da 'yarsa. Ya ce, "Malam, a can injiniya da yawa. A nan, ni." Ban sani ba ko amsa ce, ko wurin ɓuya.

Da ciwo ya kayar da shi, Musbahu bai yi shawara da kowa ba ya ɗauke shi daga gidan haya ya kai shi ɗakin da ke kusa da soron gidansa. Matarsa Hapsatu ta ɗauki abinci da wanki. Musbahu ke yi masa wanka, shi ke yi masa alwala, shi ke cicciɓo shi ya zaunar a ƙofar gida ya sha iska. Kalmar da ta rage a bakin tsohon kuwa ita ce: bari.

Ba wanda ya yi mamaki, don mutum ne da ba ya son a wahala saboda shi. Hapsatu ta kawo kunu, ya ce bari, ta ce, "Baba ya ƙoshi," ta ɗauke. A kunna masa rediyo, bari, a kashe. Musbahu ya zo da mai tausa, bari, aka sallami mai tausa. Da yamma yakan ƙura wa gabas ido ya yi ta maimaitawa a hankali, bari, bari, mu da muke hira a gefensa sai mu rage murya, muna zaton surutunmu ne ya dame shi. In 'yarsa ta kira a waya ba ya cewa komai, sai dai ya kalli fuskarta a gilashin wayar hawaye yana zuba. Da ta ce tana neman biza za ta zo ta ɗauke shi, Musbahu ya durƙusa ya gaya masa. Ya ce bari. Musbahu ya fito soro da fara'a: "Baba ya ce a bar maganar."

Ba ta bar maganar ba, ta zo. Mace ce da ta haura arba'in, malamar makaranta a babban birninsu, da gilashi da idon ubanta. Hausar da ta rage mata ta 'yan firamare ce, gaisuwa da sunan abinci da ɗan zagi, don haka aka kira ni in yi tafinta, tunda Turanci na koyar har na ajiye alli. Tana ganin Musbahu ta ce, "Yaya Musbahu," don shi ke ɗora ta a wuya a wurin aiki tana ƙarama. Sai ga Musbahu, dattijo guda, yana share ido da hula. Sannan ta durƙusa gaban kujerar ubanta, ta kama hannun da ke motsi, ta ce, "Abba." Ta yi masa wata doguwar magana da harshensu. Tsohon ya dube ta, ya ce, "Bari."

Ta kifa kai a gwiwarsa ta fashe da kuka. Musbahu ya matso kusa da ni, da tausayi a fuskarsa, amma da alamar hankalinsa ya kwanta.

"Malam, ka lallashe ta. Ka ce ta yi haƙuri, ta dai ji da kunnenta."

Na gaya mata. Ta ɗago tana share hawaye ta ce, "Na ji. Gobe zan fara neman tikiti."

Na zaci Turancina ne ya tsufa. Na sake faɗa dalla-dalla: ya ce a bari, a ƙyale shi, ba ya so. Ta dube ni kamar na zage ta.

"Wa ya ce haka? Cewa ya yi gida."

"Bari ya ce, Hajiya."

"E, bari. Da harshenmu bari shi ne gida. Na tambaye shi me yake so, ya ce gida." Sai ta tsaya. "Tun yaushe yake faɗar wannan?"

Da na fassara, Hapsatu ce ta amsa daga bakin ƙofa, muryarta ta yi ƙasa. "Tun da ya tashi daga ciwon. Kullum." Ta ɗora hannu a ka. "Innalillahi. Ashe kunun nan da nake ɗaukewa, ba ƙoshi ba ne?"

Musbahu bai yarda ba. "Malam, mutumin da ya shekara arba'in yana Hausa, mafarki ma da Hausa yake yi, na sha jin sa. Yau ɗaya a ce mana Indiyanci yake?"

Shirin ta ce likitoci sun ce harshen ƙuruciya shi ne yake daɗewa a kai bayan sauran sun gudu.

"Likitocin can ko na nan?" in ji Musbahu.

Kwanakin da suka biyo baya ban taɓa ganin ruɗani irinsu ba. Musbahu ya ce, "Baba, za ka zauna da mu ko?" Bari. Shirin ta tambaye shi da harshensu ko zai bi ta. Bari. Aka ce to ya gyaɗa kai in ya yarda, ya gyaɗa wa kowa. Aka sa masa alli a hannun hagu, ya ja wani layi mai lanƙwasa a ƙasa, Shirin ta ce kogin garinsu ne, Musbahu ya ce bututun unguwar asibiti ne, ga ma gwiwar bututun nan. Liman ya ce a yi istihara. Kowane ɓangare ya yi, kowa ya ga abin da yake so.

Ni ma na ƙara dagula lamarin da son tambaya. Na tambaye ta ko kalmar kowane gida take nufi. Ta ce a'a. Gidan da mutum yake zaune a birni sunansa daban. Bari shi ne gidan kakanni a ƙauye, inda aka binne cibiya. Na ce to yana nan? Ta ce kogi ya cinye shi tun tana budurwa, da gonar da masallacin, yanzu jiragen ruwa ne ke wucewa ta kansa.

Musbahu ya yi caraf ya kama. "To ina za ki kai shi, Hajiya? Gidan da yake kira babu shi. Bene za ki hau da shi ki rufe, inda ba wanda ya san ya taɓa ɗaura ko famfo ɗaya. Nan kuwa ko mai tallan goro ya wuce sai ya ce sannu Baba. In ta Allah ta kasance, Birnin Kudu da Gwaram ne za su yi masa salla."

Na fassara. Ta amsa, kuma a lokacin na so a ce ban iya Turanci ba.

"Yaya, a can akwai kabarin uwata, akwai ƙaninsa ɗaya da ya rage, akwai jikokinsa da ba su taɓa riƙe hannunsa ba. Kun same shi da ƙafafunsa da bakinsa. Ku kuka sha ruwa, ni na yi maraici da uba a raye. Ɗan abin da ya rage nake roƙo, shi ma sai na yi shari'a?"

Tsohon yana tsakiya, ya kalli bakin wannan, ya kalli bakin wancan.

Ran kasuwa sai ga Bappa Dabo daga Maruta, da galan ɗin kindirmo da iyalinsa suka aiko wa mara lafiya. Kunnensa ya yi nauyi. Aka nuna masa baƙuwa aka ce Shirin ce.

"Shirin me?"

"Sunanta ke nan, Bappa. Shirin."

"Na ji shirin. Shirin me, na ce?"

"Shirin tafiya da Baba," in ji Hapsatu daga ciki. Ba da wasa ta faɗa ba, amma aka yi dariya, wadda aka kwana biyu ba a yi ba a gidan.

Bappa ya zauna a tabarma dab da kujerar. "Kai Mizani, mai bin shanu ba ko ɗan maraƙi! Ka kwanta ka bar mu da famfon da ke tari?" Tsohon ya yi murmushi da rabin baki, ya faɗi kalmarsa. Musbahu ya ɗaga murya ya kwashe rigimar duka ya faɗa wa Bappa, ya ɗan ƙara wa nasa ɓangaren gishiri. Bappa ya daɗe yana tauna goro.

"Ni ban san yarensu ba," ya ce. "Hausar ma aro na yi, kamar shi. Amma Musbahu, in tambaye ka. In na zo gidanka na ci na sha, rana ta yi sanyi, na dafa gwiwa zan miƙe, me nake fara cewa?"

Musbahu ya kau da kai gefe.

"Faɗi mana, ba ƙaramin yaro ba ne kai."

"Sai ka ce, bari in tafi."

"Bari in koma, kada duhu ya same ni a hanya. To mutumin da Allah ya bar wa kalmar farko ya karɓe sauran, ta ina ka san ba wannan maganar ya ɗauko ba? Ka ji bari, ka ce da 'yarsa yake. Wa ya gaya maka ba da kai yake ba?"

"Bappa, ai ba ma korar baƙo."

"Wa ya ce a kore shi? In baƙo ya ce bari in tafi, mai gida na kirki sai ya ce haba, tun yanzu? A ɗan taɓa ruwa mana. Wannan ladabi ne. Amma sau ɗaya ake faɗa, ko biyu. Daga nan sai ka sa takalmi ka yi rakiya. Wanda ya wuce haka ba karamci yake ba, garkuwa ya yi da mutum." Ya tofar da goro a gefe. "Ban ce na san zuciyarsa ba. Amma in da harshensu ne, gida ya ce. In da namu ne, ko a bar shi ya zauna, ko a bar shi ya tafi. Biyu ke nan a kan ɗaya. Ko a kasuwar shanu an sallama."

Musbahu ya daɗe yana kallon tsohon, kamar yana jira ya buɗe baki ya ƙaryata. Tsohon ya kalle shi shi ma, da idon nan da ba ya nuna ko e ko a'a. Can Musbahu ya miƙe ya shiga gida. Muka ji yana ce wa Hapsatu a sayo nama a yi dambu, a daka yaji, Baba zai yi tafiya. Sannan muka ji famfon tsakar gida yana zuba, ya daɗe yana zuba, fiye da yadda alwala take buƙata.

Ran tafiya mutane suka zo daga Wurno, daga Surko, daga Maruta, yawancinsu tsofaffi, wasu a bayan motar kaya. Masu yanke ƙyalle ba su samu zuwa ba, ayyuka sun yi musu yawa. Aka yi rakiya da babura da ƙafa har bayan gari kan hanyar Kano. Musbahu ya ce nan zai tsaya, ba zai iya ganin filin jirgi ba. Ya sauka daga motar da ta ɗauko Baba, ya zagayo, ya sunkuya ta taga zai yi sallama. Tsohon ya miƙo hannun hagu ya kama wuyan hannunsa, ya riƙe gam, ya ce, "Bari."

Musbahu ya dubi Shirin. Shirin ta dube ni. Ni na dubi ƙasa, don tafinta ya ƙare.

"Baba," in ji Musbahu a hankali, "ai kai ka riƙe ni."

Suka daɗe a haka har direba ya kashe mota. Daga baya yatsun suka saki, ɗaya bayan ɗaya, da kansu. Ba wanda ya ɓamɓare su. Wannan kaɗai nake iya ba da shaida a kai.

Sun isa lafiya. Shirin ta turo hotonsa a zaune a baranda, jika a cinya, ana ruwan sama irin nasu. Ta ce yana cin abinci, ƙaninsa yana zuwa ya yi masa hira. Ta ce har yanzu yana faɗar kalmar, safe da yamma. Sannan ta roƙe ni in sake gaya mata duk abin da kalmar take nufi da Hausa. Na gaya mata, ban rage komai ba.

Baba Mizani, ban sani ba ko mun yi maka daidai. Ko dai mun tsare ka kana roƙon gida, ko mun sallame ka kana roƙon a ƙyale ka. Ɗaya daga ciki mun aikata, Allah ya yafe mana, kai ma ka yafe. Abin da na sani shi ne akwai mata a Wurno masu santsin ƙafa saboda kai, akwai ƙauye a Surko da yake nan a inda yake saboda kai, akwai makiyayi da manomi a Maruta da suke cin kasuwa ɗaya saboda kai. Mun gode. Allah ya ba ka sauƙi, ya sa ka gama da duniya lafiya, ya shayar da kai daga Alkausara. Shirin, ke ma mun gode, don da rabonki aka yi mana wannan aiki, kuma ba a tambaye ki ba.

Matasan injiniyoyinmu, ga abin koyi nan in kuna so: a yi aikin da zai tsaya bayan allon ya yi tsatsa, a koma a duba shi ko ba a aike ku ba. Sauranmu kuma namu ya fi sauƙi. Mutumin nan ya koyi harshenmu, muka shekara arba'in muna dariyar yadda yake karya shi, amma ba ɗayanmu da ya taɓa tambayarsa yadda ake cewa ruwa, ko uwa, ko gida da nasa. Har yanzu akwai baƙi a cikinmu, a asibiti, a makaranta, a gareji, suna yi mana aiki da Hausar aro. Ku je ku tambaye su, tun suna da bakin amsawa.